Wankin Kaset ɗin Hajiya 'Yardada

Shin a gidanku babu wani abu da ya daɗe da lalacewa, kowa ya saba da shi a haka, har ta kai in aka gyara shi sai an yi rigima? In akwai, yi maza ka ɓoye shi kada Muttaka na Koki ya gani. In kuwa ba ka san Muttaka ba, to gyara zama.

Muttaka saurayi ne dogo siriri, aljihunsa na gaba cike da biro, na gefe kuma sukudireba ce ke leƙe. Ya fara difloma a fannin lantarki, makaranta ta tafi yajin aiki, da aka dawo shi bai koma ba, wai malaman sun fara tambayarsa abin da ya kamata su koya masa. Shekarar da soja suka koma bariki farar hula suka hau, kowa a birni ya tashi da sabon buri: wannan kansila yake so, wancan kwangilar kwalbati. Shi Muttaka abin da ya sa a gaba shi ne ɗakin da ke jikin zauren kakarsa, Hajiya 'Yardada, mai ƙofa ta waje. A nan yake son buɗe abin da ya raɗa wa suna Cibiyar Adanawa da Farfaɗo da Tsofaffin Finafinai ta Ƙasa. Sa'ida, 'yar gwaggonsa kuma abokiyar wasansa, ta rage masa wahala ta ce asibitin kaset.

Duk wannan buri fim ɗaya ne ya haife shi. Wani tsohon fim ne na Indiya da marigayi Alhaji, mijin Hajiya, ya zo da shi tsarabar aikin Hajji tare da bidiyon farko da ya shigo lungun. Babu wanda ya san sunansa na ainihi, Ɗan Mai Madara kowa ke ce masa. Kowace Babbar Sallah, bayan la'asar, in an gama suyar kayan ciki, sai 'ya'ya da jikoki da matan maƙwabta su cika tsakar gidan, a saka kaset, Hajiya ta zauna kusa da talabijin da maficinta tana fassara. Ba ta jin ko kalma ɗaya ta Indiyanci, amma wannan bai taɓa tsayar da ita ba. Ita ta raɗa wa mutanen ciki suna. Jarumin Haruna, uwarsa mai tallan madara Kulu, budurwarsa Hajo, mugun kuma Isyaku mai gashin baki, wanda ke faɗawa kogi daf da ƙarshe yara su yi ta tafi.

Ƙarshen fim ɗin kowa ya haddace shi. Ana rataya wa ango da amarya furanni a wuya, Kulu ta buɗe baki tana dariya, sai hoton ya koma yayyafi, bidiyon ya yi ƙwas, ya tariyo kansa. Hajiya ta ajiye mafici ta ce, "Shi ke nan, suka zauna lafiya, suka hayayyafa." In an tambaye ta 'ya'ya nawa, kowace shekara ƙaruwa suke.

To Muttaka ya yanke cewa cibiya irin tasa dole ta mallaki kowane bugu na wannan fim da ke doron ƙasa. Ya shiga farauta. Wanda ya samo a Kurmi kowa a ciki kore ne shar, har madarar. Na Fagge yana tafiya lafiya sai a tsakiyar waƙa ka ga ana bugun fanareti. Na Sabon Gari tallan maganin sauro ne ke ratsa fuskar Hajo daga kunne zuwa kunne. Akwai wanda ya karɓo wurin wani tela a madadin rediyonsa, shi kuma an ɗora masa bikin rantsar da shugaban ƙaramar hukuma daidai inda Kulu ke kuka. Duk ya jera su a akwatin ƙarfe, ya bi su da kafur. Babu ko ɗaya da ya kalla har ƙarshe. Don me? Ai ya san ƙarshen tun yana goye.

Ran nan yana wucewa ta Jakara a kan kekensa, sai Ilu mai shagon hayar kaset ya ɗaga masa hannu.

"Shugaba! Shugaban cibiya! Tsaya ka ga abin da ya fi ƙarfin shagona."

Ya jawo wani kwali daga ƙarƙashin kanta, a cikin ledarsa, rubutun jikinsa ruwan gwal. Ga Haruna nan a bango, haƙoransa fari tas.

"Wani mutumina ne ya dawo da shi daga Dubai," in ji Ilu. "Sabon bugu ne. An gyara launi, an gyara murya. Cikakke, babu abin da aka rage."

Muttaka ya karɓa da hannu biyu kamar jariri. Ya jinjina shi.

"Ya fi na Hajiya nauyi."

"Ni ma na ji haka."

"Ba za ka gane ba, Ilu. Launi ne. Launi mai kyau nauyi gare shi. Mun yi wannan a zango na biyu."

"Allah ya ƙara ilimi. A saka mu gani?"

Muttaka ya rungume kwalin ya ja da baya. "A buɗe? Kai, ashe har yanzu ba ka san sana'arka ba. Duk sakawa ɗaya zaren cinyewa yake. Wannan ba na kallo ba ne, na mallaka ne."

A ƙasa ya koma Koki, kwali a cikin riga. Ilu kuwa ranar a kan keken Muttaka ya je sallar la'asar, yana kaɗa ƙararrawa ko babu kowa a gabansa.

Saura ɗakin. Muttaka ya sami kakarsa a tsakar gida tana tsince shinkafa, Sa'ida na gefe tana yankan alayyahu, ragon layya na ɗaure a turke yana hararar kowa.

"Uwargida ran gida."

"Maigidan da ba ya cefane. Me ka zo ci?"

"Ba ci ya kawo ni ba, ci gaba ne. Hajiya, kaset ɗin nan naki ya tsufa. Bara kan Haruna tsalle yake yi yana barin wuyansa. Murya kuma kamar daga rijiya. Funfuna ce ta kama zaren. Ki ba ni in wanke miki shi."

"Kaset ɗin Alhaji? Ka wanke? Kai da ko hularka sai an roƙe ka?"

"Wanki na kimiyya, Hajiya. In kuma ba kya so, ina da sabon bugu daga Dubai, sai dai shi ba a buɗe shi."

"Ka riƙe abinka. Ni na Alhaji nake kallo, mai rubutun hannunsa a jiki."

"To shi ɗin zan mayar miki sabo fil. In mutanen unguwa suka gani da idonsu, sai ki ba ni ɗakin zaure in buɗe cibiya."

Hajiya ta dube shi sama da ƙasa. Ita ma tsallen kan Haruna ya dame ta bara, ba ta dai faɗa ba. Ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da kaset ɗin a naɗe cikin tsohon ɗankwali.

"Sa'ida, ki zama shaida. Ranar Sallah bayan la'asar, in na ga Haruna da Hajo sun fito fes, an ɗaura musu aure lafiya kamar kullum, ɗaki ya zama nasa. In ya taɓa min ko gashin bakin Isyaku, to shi da ɗakin nan sai kallo daga nesa."

"Na shaida," in ji Sa'ida. "Injiniya, in kawo maka soso?"

"Ke dai ki ji da alayyahu. Wannan aikin masu kai ne."

Kafin azahar duk majalisar ƙofar gida ta ji labari, daga bakin mai shi. Ya gaya musu a duk Afirka ta Yamma mutum biyu ne suka iya wannan wanki, ɗayan kuma ya tsufa.

Ya jira ranar da Hajiya da Sa'ida suka tafi barka Goron Dutse, ya baje kayan aiki a tsakar gida. Yana kwance kusoshin kaset ɗin, wani ɗan ƙarfe ya yi tsalle ya faɗa kwata. Muttaka ya bi shi da kallo ya ce dama ƙari ne, Turawa ke sa irinsu don su tsorata marasa ilimi. Ya fara jawo zare yana goge shi da auduga da sifirit. Ya jawo, ya jawo, zare ya ƙi ƙarewa, sifirit kuwa ya ƙare. Ya tsaya ya yi tunani irin na masana: sifirit ruwa ne mai wanke datti, ruwan sabulu ma haka. Ya tara sauran zaren a baho ya kaɗa kumfa, ya cuɗa a hankali, ya ɗauraye. Da ya ga ruwan ya yi baƙi-baƙi sai ya yi murmushi.

"Dubi dattin da ake ba mutane suna kallo."

Ya shanya zaren a igiyar shanya, daga wannan bango zuwa wancan, ya dawo, ya sake komawa, har tsakar gidan ta zama kamar wurin masu saƙa. Ya ja da baya ya duba aikinsa, ya ga bai kamata a ce shi kaɗai ya san an yi wannan abu ba. Ya fita majalisa ya soma bayani kan yadda hoto ke kwanciya a jikin zare kamar yadda lalle ke kama hannu.

Yana cikin bayani iska ta kaɗa. Wani lanƙwason zare ya sauko ya taɓa hancin rago.

Da Muttaka ya dawo, igiyar shanya fayau take. Rago na tsaye ido a lumshe, yana zuƙar zare kamar mai shan taliya.

"Kai! Kai! Tofar! Haram ne!"

Ya yi wuf ya cafke abin da ya rage, ya ja, rago ya ja. Ya naɗe a hannu ya dage, rago ya ja da baya iya tsawon igiyarsa. Muttaka ya zaci nasara ce, ya matso. Bai san shiri ake yi ba. Ƙaho ya same shi a inda ake zama, ya tafi da baka cikin bahon kumfa. Da ya ɗago, abin da ke hannunsa bai wuce kamu ɗaya ba.

Sallama ya ji a zaure. Ya tura ɓawon kaset ɗin cikin riga.

"Lafiya, Maigida?" in ji Hajiya. "Kaset ka wanke ko kanka?"

"Duka biyun. Aikin yana son tsarki."

"Ina yake?"

"Yana hutawa. Ba a ganinsa sai ranar."

Daga ranar Muttaka ya zama babban aminin rago. Ya ba shi ruwan kanwa, ya ba shi dusa mai ruwa-ruwa, ya tsuguna a bayansa yana jira da tsinke a hannu. Hajiya har ta fara yabonsa wurin maƙwabta, wai yaron ya fara hankali, ya san darajar dabba. Rago dai ya ci, ya sha, ya riƙe amanar abin da ya haɗiya.

Ranar jajibere Muttaka ya kulle kansa a ɗaki, ya buɗe akwatin ƙarfe. Koren bugu ba zai yi ba, na fanareti ba zai yi ba. Ya ɗauko na Dubai, ya daɗe yana kallonsa, ya tuna kekensa. Da ya yaga ledar sai da ƙwalla ta zubo masa. Ya kwance kaset ɗin, ya ciro zaren da faifansa, ya dasa a cikin tsohon ɓawon mai rubutun Alhaji, ya ɗaure. Ya so ya gwada, babu wuta. Ya ce ba komai, fim ɗin da ya haddace.

Kafin ya fito daga ɗakin ma fargabar ta wuce, ƙafafa ta dawo. Ai in aka duba, wannan ma wanki ne, a Dubai dai aka yi. Ya bi gida-gida yana gayyata. Ya aro janareto wurin Ilu.

Da safiyar Sallah, an sauko daga Idi, an yanka rago, an feɗe. Muttaka na tsaye da sabuwar shadda yana nuna wa mahauci inda zai sa wuƙa, sai ya ji murya daga bakin rijiya.

"Injiniya! Zo ka duba mara lafiyarka."

Sa'ida ce ke wanke tumbi. Ta ɗago wani baƙin curi mai sheƙi, ta ja bakinsa, ya warware zarara.

"Wannan ciyawar wace gona ce?"

Muttaka ya waiga hagu da dama, ya tsuguna. "Sa'ida. Ƙanwata. 'Yar gwaggona ta kaina."

"Yau kuma? Ba mai alayyahu ba?"

"Ki rufa min asiri. In na buɗe cibiya ke ce sakatariya."

"Allah ya kiyaye. To me za ka saka wa mutane an jima, hanjin?"

"Komai na hannuna. Ke dai ki yi shiru."

Ta zuba curin a kwanon sha ta rufe da faifai. "Ni ba zan faɗa ba. Amma ni shaida ce. In aka tambaye ni, ba na ƙarya ranar Sallah."

Bayan la'asar gidan ya cika har ba wurin taka ƙafa. Mata da yara a tsakar gida ƙarƙashin rumfar tabarmi da barguna da Muttaka ya kafa don tare rana, maza a zaure suna leƙe ta ƙofa. An ajiye wa Malam Jafaru, aminin marigayi Alhaji, kujera a bakin ƙofar. Muttaka ya hau turmi ya yi gyaran murya.

"Iyayena da 'yan uwana! An daɗe ana cewa talaka zai sha romon dimokuraɗiyya. To yau a Koki za a fara sha. Shekara da shekaru kuna kallon hazo kuna cewa fim. Yau da hannuna wannan..."

"Sauka ka saka mana, romon yana hucewa," in ji Hajiya.

Ya nuna mata kaset ɗin, ta ga rubutun Alhaji, ta gyaɗa kai. Ya tura.

Gaskiya dai a faɗe ta: hoton ya fito. Gidan ya ɗauki salati gaba ɗaya. Ashe zanen Kulu ja ne, ba ruwan ƙasa ba. Ashe abin da ke bayan gidansu Haruna saniya ce, shekara da shekaru ana cewa tulin kara. Kan Haruna ya zauna daram a wuyansa. Wata tsohuwa ta ce ashe yaron kyakkyawa ne haka. Muttaka ya harɗe hannu a ƙirji yana karɓar gaisuwa daga zaure.

"Wancan rubutun na ƙasa fa?" in ji Hajiya. "Da babu shi."

"Yana nan tun asali. Datti ne ya rufe shi."

Hajiya ta ɗaga mafici ta kama aiki. "Kun ga nan, cewa yake: Inna, ki yafe min nonon da na sha."

Sa'ida ta karanta rubutun. "Hajiya, wai cewa ya yi saniyar ta tsinke."

"Rubutun ƙarya yake. Ni da na san yaron nan tun ba a haife ki ba?"

Aka kwashe da dariya, aka ci gaba. Duk inda rubutu ya saɓa da Hajiya, jama'a suka bi Hajiya. Aka sha waƙa, aka sha faɗa, aka zaga da soyayyiyar hanta. Isyaku ya faɗa kogi, yara suka yi tafi. Aka zo biki. Aka rataya furanni. Kulu ta buɗe baki tana dariya. Hajiya ta ajiye mafici.

"Shi ke nan, suka zauna lafiya, suka..."

Babu yayyafi. Babu ƙwas. Kulu ta gama dariyarta ta rufe baki, abin da ba a taɓa ganin ta yi ba a Koki. Aka ci gaba da kiɗa.

Malam Jafaru ya miƙe tsaye da sandarsa. "Muttaka, kashe haka nan."

Muttaka ma ya yi mamaki, amma mamakinsa bai daɗe ba. Ya ga dama ta samu.

"A kashe, Baba? Ai yanzu aka fara! Jama'a, kun gani? Wanki ne ya fito da wannan. Ƙari ne daga cibiya, kyauta!"

"Yaro, na ce ka kashe."

"Baba, zamanin hana mutane sani ya wuce. Mulkin farar hula ake. Masu son a ci gaba su ɗaga hannu!"

Hannuwa suka tashi, har da na Hajiya. "Bar shi, Malam. Ni ma in ga ɗakin amarya."

Malam Jafaru ya koma ya zauna, ya sunkuyar da kai yana jan carbi.

Sai aka nuna kogi. Wani hannu ya fito daga ruwa ya kama ciyawa. Bayan hannu sai gashin baki.

"La ilaha illallahu, ya iya ruwa!" in ji wata mata.

Isyaku ya fito jiƙe sharkaf, da bindiga. Ya nufi gidan biki. Tsakar gida ta rikice. Yara na ihu suna gaya wa Haruna ya waiga. Hajiya ta miƙe tsaye tana dukan gefen talabijin da mafici.

"Haruna, bayanka! Kai Haruna! Hajo, ke ba kya gani ne?"

Isyaku ya auna Kulu. Haruna ya yi tsalle ya shiga tsakani. Ƙarar da ta tashi, da yake an gyara murya a Dubai, sai da ta sa kajin maƙwabta suka watse.

Bai mutu nan take ba. Ya kwanta a cinyar uwarsa, furanni a wuya, ya yi dogon jawabi. Kowa ya juya wurin Hajiya yana jiran fassara, ita kuwa baki a buɗe, babu kalma. Aka yi ruwan sama, aka yi waƙa. Muttaka na tsaye zufa na bin sabuwar shadda.

"Suma ya yi," ya ce. "Na san wurin nan. Yanzu likita zai zo."

Maimakon likita sai aka ga ana jera itace.

"Girkin biki ne," in ji Muttaka.

Aka ɗora Haruna a kan itacen. Aka kawo wuta.

Kukan da ya tashi a gidan Hajiya 'Yardada ya tsallake katanga ya shiga lunguna. Masu suya suka bar kasko a wuta suka yo waje. Kafin a ce haka zaure ya cika da sababbin fuskoki ana ta salati, wani dattijo har ya fara tambayar ko an aika a haƙa kabari.

"Wa ya rasu?"

"Haruna," in ji Hajiya tana share ido da bakin mayafi. "Ranar aurensa. Ko likkafani ba su yi masa ba."

Muttaka ya lallaɓa zai zare waya, ya taka ta janareto, komai ya mutu. Hajiya ta juyo a hankali.

"Zo nan, Maigida. Kaset ɗin Alhaji bai taɓa kashe kowa ba. Wannan na waye?"

"Hajiya, a kimiyyance, in aka wanke zare yakan miƙe, to in ya miƙe..."

"Sa'ida. Ke ce shaida. Ina kaset ɗina?"

Sa'ida ta tashi ba gaggawa, ta ɗauko kwanon sha, ta ajiye a tsakiyar jama'a, ta ɗage faifai. Warin tumbi ya bayyana kafin bayani.

"A cikin ragonki na samo, Hajiya. Wanki dai ya wanku, har sau biyu."

Daga zaure wani ya tambaya ko layyar ragon da ya haɗiyi waƙar Indiya ta yi. Wani ya ce shi dama ya ji hantar da wani ɗan zaƙi. Ilu, da ya zo ɗaukar janaretonsa, ya ce ai shi ya faɗa tun farko cewa cikakke ne, Shugaba ne ya ce launi ne ke da nauyi. Dariya ta fara cin kuka, sai Malam Jafaru ya buga sanda a ƙasa.

"Hajiya, ni na san ƙarshen nan. Ni da marigayi mun gan shi a silima tun muna samari, mun fito muna share hawaye kamar yara. Da ya zo da kaset ɗin, zaren ya ƙare a wurin biki, na ce masa ai bai cika ba, a nemo wani. Ya ce a'a. Ya ce ya ga yadda kika yi dariya, a bar miki Haruna da rai."

Hajiya ta dubi kwanon, ta dubi tsohon ɓawon da ke leƙowa daga bakin bidiyo da rubutun Alhaji a jiki. Ta daɗe a haka, har Muttaka ya fara tunanin an yafe masa. Ya matso.

"Hajiya, abin mai sauƙi ne. Almakashi kawai za a ba ni. In yanke daga wurin furanni, in liƙe da salatif, ya koma kamar..."

Mafici ya sauka a ƙeyarsa, tau.

"Ka sake taɓa shi ka gani! Wannan zaren ya san abin da ya faru. Ko ka yanke, yana sane, ni ma ina kallonsa ina sane. Ka nemo min wanda ya ƙare da kansa, wanda bai taɓa jin labarin ba."

"To ɗakin fa?"

"Ɗaki na ragon baɗi ne, harawa za a zuba masa. Shi ko banza in ya ci abu yana ajiyewa a inda za a samu."

Washegari Muttaka ya kwashi akwatin ƙarfe ya kai shagon Ilu, ya bi kaset ɗinsa ɗaya bayan ɗaya har ƙarshe, karo na farko. A koren bugu Haruna ya mutu kore shar. A na Fagge ya mutu bayan an tashi wasa. A na Sabon Gari ya mutu maganin sauro na bi ta kansa. Ko na tela, da shugaban ƙaramar hukuma ya cinye rabinsa, wurin mutuwar ya fito tar, babu ko ɗigon yayyafi.

Har yanzu yana nema, a ƙasa, kasuwa-kasuwa. Ya ce shi ne mutum na farko a tarihi da ke farautar bugu mafi lalacewa, kuma in ya samu zai rubuta littafi a kai. Hajiya kuwa ta daina ce masa Maigida, sai dai Isyaku.

Saboda haka don Allah, in ka koma gida, ka duba ƙarƙashin gadon tsohuwarku da saman sif da cikin tsofaffin kwalaye. In ka ci karo da wani kaset na ɗan mai tallan madara, wanda ke yankewa daidai inda uwar ango ta buɗe baki tana dariya, ka naɗe shi a ɗankwali ka kawo Koki, ka tambayi gidan Hajiya 'Yardada kafin wata Sallar. Ka miƙa mata hannu da hannu. In wani dogo mai biro a aljihu ya tare ka a zaure ya ce ka kawo ya duba, kada ka ba shi. Kuma ko funfuna ta yi masa gemu, kada ka wanke.